Tozon Tiya

Ni ban yi lakwal mai nisa ba, aji biyu na yi na gudu. Sana'ata awon hatsi a kasuwar Matameye. Taubashina, ɗan kawuna, shi ya yi karatu ya zama mushe, wato malamin makaranta, kuma shi ne mai rubuta wasan kwaikwayon da yau ake ji a rediyo. A lokacin ba wanda ya san shi sai mu.

Shekarar da damina ta ƙi, soja na bisa mulki, ya rubuta wasa a kan rabon taimako. Doka ce a kai takardar wasa biro, wato ofis, kumandan ya karanta ya buga hatimi. Abin da ba ya cikin takarda, in ya fito a fili, marubuci ake kamawa. An taɓa ɗauke wani malamin lakwal a kan haka, iyalinsa wata uku ba labari.

Taubashina ya ce ni zan fito a mai rabo, tunda ba sai an koya mini riƙon tiya ba. Na ce ba na iya karanta takardarsa. Ya ce da ma ai bai zaci jaki zai yi karatu ba, ya riƙa biya mini da baki har na haddace.

Ranar wasa bayan la'asar fili ya cika, har mutanen Kurni da Dawce sun zo. Kumandan na gaba a kujera, jandarma biyu a bayansa. Na faɗi maganata daidai, ban ƙara ko kalma ba. Hannuna ne ya ci amanata. Da na cika tiya da dawa, sai gefen hannuna ya share tozon ya mayar cikin buhu, kamar yadda na saba a kasuwa in mai saye ya waiga. Wallahi ban san na yi ba. Sai na ji fili ya ɗauki dariya, wata tsohuwa tana cewa haka suke mana. Na dubi taubashina, fuskarsa kamar toka.

Ana tashi jandarma ya ce kumandan na kiranmu. Da muka je, takardar na hannun kumandan. Ya tambayi mushe a wane layi aka rubuta sharar tozo. Mushe ya ce babu. Kafin ya ɗora komai a kansa na shiga.

"Ranka ya daɗe, bai sa ni ba. Ni ma'auni ne, hannuna ya saba."

"Wato a kasuwa haka kake yi?"

Na ce haka nake yi. Me zan ce?

Kumandan ya dube ni. Sannan ya ce su soja ma irin waɗannan hannuwan suka zo yankewa, don haka mushe ya zauna nan ya rubuta sharar tozon a takarda. Ya rubuta, aka sake buga hatimi. Ni kuma aka ce jandarma zai riƙa leƙo rumfata ranar kasuwa.

Muna fita na zauna a gindin dogonyaro. Taubashina ya zauna kusa da ni yana share gumi.

"Ɓarawo," ya ce, "ashe kai ne ka fi ni iya rubutu."

Na ce ya tashi mu tafi, matarsa na ƙofar gida tana jira. Ranar a ɗakinsa ya kwana, ni dai shi ke nan abin da na roƙa.