Tambayar da Ƙauna Ta Bari Cikin Baho

Ranar Asabar, 11 ga Maris, 2006, Allah ya yi wa Dakta Ƙauna Dominic rasuwa a hatsarin mota a hanyar Kaduna, za ta Zonkwa gaida mahaifiyarta. Malamar fiziks ce a jami'a, a Samaru, nan Zariya. Labarin ya iske ni da yamma a ɗakina a Sabon Gari. Wata 'yar zumuntar mata ta majami'armu ce ta shigo, ta zauna, sannan ta faɗa mini. Na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce an riga an kawo gawar.

Ƙauna, 'yata, ke ya kamata ki rubuta irin wannan a kaina. Na haura tamanin, sai na huta kafin in cika layi. Amma in ban rubuta ba, akwai abin da na gani da idona wanda zai bi ni kabari, kuma ina tsoron ya riga ya fara bin ki.

Ni na koya miki kimiyya a sakandare. A makarantar mishan da na yi, malami ya rubuta a allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Haka aka ba ni, haka na bayar har na yi ritaya. Ke kuwa tun kina ƙarama hannunki ba ya sauka: "Malam, me ya sa?" Na ɗauka girma zai raba ki da wannan tambaya. Ashe da ita za ki ci abinci.

Bayan rasuwar matata Lucia, yara kuma aiki ya kai su Legas da Fatakwal, sai ya zama daga ni sai rediyo. Ina iya wuni ban ji muryata ba. Wata Talata da safe kika tsaya da tsohuwar motarki a ƙofar gida, kika leƙo.

"Baba, tashi ka sa rigarka ta coci, na samo maka aiki."

Na ce, "Wane aiki za a ba tsohon da ko allura ba ya gani?"

Kika ce, "Aikin rashin ganewa. Zama kawai za ka yi, ka ƙi ganewa."

Bari in bayyana wa wanda bai taɓa shiga ajinki ba. Ɗaliban shekarar farko ne, ɗaruruwa, waɗansu a kan taga, waɗansu a tsaye a baya. Ba kya shiga da takardar da za ki karanta musu. Da kwando kike shiga, cike da tarkacen gida. Ki rubuta tambaya a allo da amsoshi uku. Kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya ɗora yatsa ɗaya ko biyu ko uku a ƙirjinsa, yadda ke kaɗai za ki gani, na kusa da shi ba zai kwaikwaya ba. Sai ki daga murya ki ce, "Juya!" Kowa ya juya ga maƙwabcinsa ya yi ƙoƙarin jawo shi ga ra'ayinsa. Nan take ɗakin ya koma kasuwar Sabon Gari. A sake ɗora yatsu, sannan a gwada abin a gaban kowa. Dokarki ɗaya ce: ba mai taɓa kayan gwaji sai ya yi gardama da wani. Har suna suka sa miki, Madam Juya, kin kuwa sani, kina amsawa.

Aikina shi ne na ƙarshe. Ina zaune a kujerar roba kusa da allo. Bayan gwaji sai ki zaɓi ɗalibi ya zo ya yi mini bayani da bakinsa, ba lissafi, ba maganar littafi, har sai na ce na gane.

Ina tuna ranar tuluna biyu. Kin cika su ruwa tun asuba, ɗaya an shafe bayansa da fentin mai, ɗaya yana yadda mai ginin tukwane ta bar shi. Wanne zai fi sanyi? Akwai wani yaro Ugo, ɗan mai sayar da kayan gyaran mota a unguwarmu, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya rantse mai fenti ne, tunda ba ya tsiyaya. Ronke, yarinyar da ke zama gefensa, ta ce masa, "Kai dai firji ya lalata ka. Ka taɓa ganin kakar wani ta yi wa randa fenti?" Da aka tsoma ma'aunin zafi, tulun da ba fenti ne ya fi sanyi. Kika turo mini Ugo. Ya tsaya ya zubo mini Turancin littafi tiryan-tiryan.

Na ce, "Ban gane ba, ɗana."

"Haba Baba! Kai fa ka koyar da Madam!"

"Shi ya sa kaina ya ƙare. Sake."

Ya sosa ƙeya, ya dubi tulun, ya shafa shi, ya dubi tafin hannunsa. Sai ya ce, "Baba, gumi yake yi! In ka yi gumi iska ta taɓa ka, ai sanyi kake ji. Ruwan da ke tsattsafowa yana tashi, shi ke kwashe zafin. Fenti ya toshe masa hanyar gumi." Na ce na gane. Ihun da aka yi ranar har malamin ajin gaba ya leƙo. Na dube ki, kina dariya kina riƙe da ciki.

Ba kowa ya so hanyarki ba, ba zan ɓoye ba. Akwai ɗaliban da suka yi ta ƙorafi, su a ba su handawut, wato darasi a rubuce, su haddace su wuce. Akwai abokan aikinki da suka ce ba kya gama manhaja, kuma kin yarda akwai gaskiya a ciki. Kika ce gara ki bar babi biyu ba a taɓa ba, da ki gama duka a bar su a ɗakin jarrabawa. A hanyarmu ta komawa gida muryarki a dishe take. Kya tsaya a Samaru ki saya mini ƙosai, kya tambaye ni ko na sha maganin hawan jini, in na yi ƙarya ki gane. Ke kika kai ni aka canza mini tabarau. Wata rana, muna tsaye a mararraba, kika ce, "Baba, abin da ke damuna ni kaɗai ce. In zazzaɓi ya kwantar da ni, ajin nan kwafe zai koma." Na ce ki daina irin wannan magana. Ban san abin da ya fi zazzaɓi na tafe ba.

Talatarki ta ƙarshe, baho kika kawo da ƙaramin kwano da dutse. Kika zuba ruwa, kika ɗora kwanon yana yawo da dutsen a cikinsa, kika ja layi da alli daidai inda ruwan ya tsaya. Kika tambaya: in aka cire dutsen daga kwano aka jefa shi cikin bahon ya nutse, ruwan zai hau, ko zai tsaya a layi, ko zai sauka? Aka ɗora yatsu. Kafin ki ce a juya lokaci ya cika, malamin da zai shiga yana tsaye a ƙofa. Kika ce, "Ku tafi da ita. Kada wanda ya gwada sai ya sami abokin gardama. Sai Talata." Da kika sauke ni, kika shigo mini da kayan ɗaki, domin kina bukatar bayan motar ki ɗora wa Mama, mahaifiyarki, tsaraba. Har kin fita kika juyo: "Baba, kai ma dokar ta hau kanka."

Ta hau kaina, Ƙauna. Bayan jana'iza bahon na nan a kusurwa, kwanon da dutsen a ciki. Famfo na tsakar gida, da na so da tuni na san amsa. Amma yatsuna biyu suna kan ƙirjina, na juya dama ba kowa, na juya hagu ba kowa.

Da na ɗan sami ƙarfi, wata Talata na sa rigar cocin, na hau bas zuwa Samaru, na lallaba na tsaya a bayan ajin. Dakta Adewale aka ba darasin. Yana karantawa, suna rubutawa. Ɗaruruwan kawuna a sunkuye, ba ka jin komai sai muryarsa da motsin takarda. Bayan an tashi ya zo ya gaishe ni cikin ladabi, ya riƙe hannuna, ya yi mini ta'aziyya kamar ni na haife ki. Ya ce nasa azuzuwan na nan an ƙara masa naki, jarrabawa kuma ta matso, bai kuma san yadda ake riƙe irin wannan hayaniya ba tare da ta kuɓuce ba. Ban ga laifinsa ba. Amma shirun nan na san shi, a cikinsa na tsufa. Na koma gida na kwanta, jikina ya ƙi daɗi.

Talatar da ta wuce da la'asar na ji sallama. Ronke ce, da Ugo, da wata yarinya mai shiru-shiru Ify, da waɗansu 'yan kaɗan da ban riƙe sunansu ba. Ronke ta durƙusa ta ce, "Baba, an ce bahon Madam yana wajenka." Suka fito da shi tsakar gida, Ugo ya ɗebo ruwa ya zuba, kwanon na yawo da dutsen a ciki, har ya kai layin allinki, wanda bai goge ba. Kowa ya ɗora yatsunsa. Sai muka tsaya muna kallon juna, domin mai faɗin kalmar ba ta nan. Can Ronke ta share ido da bakin gyalenta ta ce, "Juya."

Ify ce ta juyo gare ni. "Baba, yatsa nawa ka sa?" Na ce biyu, ruwa zai tsaya, ai dutsen dama nauyinsa na kan ruwan. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Ni uku na sa, ruwa zai sauka." Muka yi ta yi, yarinyar nan ba ta sassauta mini don furfura ba. Rabon da wani ya yi gardama da ni tun kina raye. Da Ugo ya cire dutsen ya sake shi cikin baho, muka sunkuya duka. Ruwan ya sauka ƙasa da layin. Ify ce da gaskiya, ni na faɗi.

Ugo ya gyara tsayuwa ya yi mini bayani: a kwano dutse na ture ruwa gwargwadon nauyinsa, a ƙasan baho kuwa gwargwadon girmansa kawai. Na ce ban gane ba. Ya ce, "Baba, don Allah!" Na ce maganar ta yi kyau a baki, amma bai nuna mini abin da ya sa nauyi ya fi girma ture ruwa ba, kuma da ke ce ba za ki sake shi a nan ba. Suka ce za su dawo Talata.

Ban sani ba ko za su dawo. Jarrabawa na gabansu, daga Samaru zuwa nan ba kusa ba ne ga ɗalibi, kuma su 'yan kaɗan ne cikin ɗaruruwa. Ni ma ban san Talata nawa ta rage mini ba. Roƙona ga malaman da kuka yi aiki tare: ko tambaya ɗaya ce a mako, wani ya daure ya yi ta, ya bar yaran nan su juya su kalli juna. Bahon na wajena, duk mai so ya zo ya ɗauka.

Allah ya ji ƙanki, Ƙauna. Ubangiji Yesu ya karɓe ki cikin hutunsa, ya gafarta miki kurakuranki, ya sāka miki da alherin da kika yi wa tsohon da ba ki haɗa jini da shi ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Dominic, da 'yarki Elizabeth, da Mama a Zonkwa wadda ta jira ki ranar nan ba ki iso ba, da 'yan'uwa, da ɗalibanki duka. Allah ya ta'azantar da ku, ya ba mu haƙurin wannan rashi. Amin.

Na mayar da dutsen cikin kwano, na share tsakar gida, rigar cocin kuma na rataye ta kusa da ƙofa.

Malam Sati,
tsohon malamin makaranta,
Sabon Gari, Zariya.