Siririn Soson da Na Miƙa wa Taubashina

Shekarata goma sha ɗaya ina fentin mota a Daura, bakin hanyar Kongolam, lokacin da Goggo ta kawo mini ɗanta. Da ƙafarta ta zo garejin, abin da ba ta taɓa yi ba, shi kuma yana biye da ita, mutum mai mata da 'ya'ya huɗu, ya kusa arba'in. Makaɗin kalangu ne, a wurin mahaifinsa ya gada. Da aka ƙaddamar da Shari'a sai wuraren da yake kiɗa suka rufe ɗaya bayan ɗaya, masu biki ma suka koma walima, ya wayi gari kalangunsa na rataye a ɗaki.

"Ga ɗan'uwanka nan," in ji Goggo. "Ka koya masa abin da zai ci abinci."

"Goggo, ai bawana kika kawo mini," na ce, muka yi dariya. Taubashina ne, tun muna yara haka muke kiran juna, kowa na cewa shi ne ubangidan.

Na karɓe shi da zuciya ɗaya, wannan Allah ne shaida. Ya fara da wankin mota da gugar samfefa, bai taɓa nuna ƙyashi ba ko da yake ya girme ni da shekara uku. Bayan wata biyar na ɗora shi a kan injin goge fenti, wanda na sayo a Kano. Injin yana juya soso ne, a shafa masa mai, a bi jikin mota da shi har karce ya ɓace, fenti ya yi ƙyalli.

Soso iri biyu nake da shi. Mai kaurin yana da haƙuri, yana lanƙwasa ya bi kwana da ƙugun mota, in hannunka ya yi nauyi ya shanye nauyin. Siririn kuwa duk ƙarfin injin yake sauke wa fenti. Yana cin karce da sauri, aikinsa ya fi fita, amma ka jinkirta a kan gefen bonet na ƙiftawar ido sai ka ga farin shafen da ke ƙarƙashin fentin ya leƙo. Sau ɗaya na ƙone bonet ɗin wani malamin makaranta da shi, tun ranar na rataye shi a ƙusa, ban sake taɓa shi ba. Da mai kaurin na koya wa taubashina.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura masu mota sun soma tsayawa a bayansa suna kallo. Yana riƙe injin ne kamar ba ya riƙe da komai, kansa a ɗan karkace, yana saurare. Daga baya sai mutum ya shigo, ya gaishe ni, ya ce, "Makaɗin yana nan?" Ni da na buɗe wurin, ni da na sayi injin. In na koma gida abinci ba ya mini daɗi. Matata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce ƙaurin fenti ne.

Wata Laraba wani Alhaji mai fataucin shanu ya zo da baƙar mota 'yar Kwatano, sabuwar shigowa, ƙayoyin hanya sun zazzane mata jiki. Duk motocinsa ni nake yi masa tun yana da akori-kura ɗaya. Na taso ina goge hannu, ya ce, "Maigida, zauna abinka. Makaɗin nan nake so ya taɓa mini ita, an ce hannunsa daban ne."

Na ce to. Na zaga motar kamar mai duba aiki. Baƙar mota ba ta ɓoye kuskure, kuma wannan an taɓa goge ta a can inda ta fito, fentin gefen ƙofofin ya yi laushi, ga layi mai kaifi a ƙirar jikinta tun daga fitila har but.

Da Alhaji ya tafi kasuwa, taubashina ya same ni. Ya rage murya.

"Bawa, karcen nan ya yi zurfi. Wane soso ka ga zan sa?"

Na miƙa hannu na zaro siririn daga ƙusa, na kaɗe shi a gwiwata.

"Wannan."

"Ban taɓa aiki da shi ba."

"To yau ka fara. Mai kaurin ba zai ci wannan ba."

Bai yi musu ba. Ni kuma ban gaya masa komai game da gefen bonet ba, ban gaya masa labarin malamin makaranta ba. Na ɗauki gwangwanin fenti na koma gindin darbejiya, ina juya fentin da ba wanda ya ce in haɗa. A raina har na shirya abin da zan faɗa wa Alhaji, cewa sabon hannu ne, a yi masa uzuri, zan gyara.

Ya tada injin a kan ƙofar baya, bai yi minti ɗaya ba ya kashe. Ya taɓa wurin da bayan hannunsa. Ya rage gudun injin har ƙasa, ya sake tayarwa. Daga inda nake ina jin ƙarar tana canzawa, duk lokacin da ta ɗan yi kauri sai ya ɗaga hannu. Da ya zo kan layin nan mai kaifi na ajiye gwangwanin. Bai hau kansa ba. Ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa, layin kansa ya naɗe tsumma a yatsa biyu ya goge da hannu. Ba wanda ya koya masa haka.

Aka kira azahar muka yi salla a sahu ɗaya, kafaɗata na gugar tasa, ban iya tuna abin da na karanta ba. Ya koma kan aikinsa. Kafin la'asar ya gama. Na zo na tsaya, sai ga darbejiyar gaba ɗaya a jikin ƙofar, har ganyenta ana iya ƙirgawa. Sama da shekara goma sha ɗaya ban taɓa fitar da baƙar mota haka ba.

Alhaji ya dawo da abokansa biyu. Ya zaga motar sau uku yana ta masha Allah. Taubashina ya nuna ni da tsumman hannunsa.

"Alhaji, ni riƙe inji kawai na yi. Maigidana ne ya zaɓa mini soso. Da ni ne da mai kaurin zan sa."

Alhaji ya kama hannuna ya ce irin wannan zumunci ya yi ƙaranci. Na yi murmushi, na ce ba komai.

Washegari na riga kowa zuwa. Na jawo wata tsohuwar ƙofa daga cikin tarkace, na ɗaura siririn soson, na rage gudu kamar yadda na ga ya yi. Tsakiyar ta yi kyau. Ina zuwa gefe na ƙone ta. Na kifa ƙofar a bayan shago kafin taubashina ya iso.

Shekara biyu muka ƙara tare, sannan ya buɗe nasa wurin a Mai'aduwa da yardata, Goggo ta sa mana albarka. Masu baƙaƙen motoci suka bi shi can, ni aka bar mini fentin motocin haya, kuma ina samun na rufin asiri.

Ranar sunan jikansa na fari na ja shi gefe, bayan an watse daga cin waina. Na daɗe ina ɗauke da maganar.

"Ka tuna motar Alhajin nan? Da gangan na ba ka siririn soso. So na yi ka ƙone ta."

Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana dafa bango. Ya kira ƙanensa.

"Zo ka ji bawan nan. Wai so ya yi in ƙone motar Alhaji."

"Wallahi da gaske nake."

"Har da rantsuwa. Kai dai ba ka girma." Ya cusa mini goro a aljihu, ya koma wurin baƙinsa.

Na ɗan ƙara zama, na shiga ciki na yi wa mai jego barka, na hau babur ɗina na kamo hanyar Daura.