Gabar Kwana Tara

Ran Talata ce, farkon kaka. Gero ya nuna, dawa ta fi mutum tsayi amma ba ta bushe ba. Da asuba na dama kunu, mijina Ilu ya sha, ya saɓa magirbi ya fita. Ranar ake gayyar girbi a gonar mai unguwarmu, arewa da Bagwai. Maza suna gona, mata suna gindin tsamiya suna yi musu daka da girki. Kowa ya tafi sai ni.

Dalilin ƙin zuwana abin kunya ne, amma zan faɗa. Gaba nake yi da Tabawa. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, turmi ɗaya muke daka. Ita ta zauna da ni lokacin da 'ya'yana biyu suka koma. Ita ta laƙaba mini Barkono, don ba na barin ta kwana, har unguwa ta manta da sunana na yanka. Ta ari faifaina, ta dawo da shi da ƙuna a baki. Na yi magana, ta yi dariya. Shi ke nan laifin. Kwana tara ban amsa gaisuwarta ba. Liman ya aiko cewa gaba ba ta wuce kwana uku, na ce a je a gaya wa mai ƙona faifai.

Da hantsi na ɗauki ƙwarya na shiga gonar dawarmu tsinkar yakuwa. Daga can ina jin gangar noma, ina jin luguden mata. Ko cikin tabare goma na san ta Tabawa, tana jinkirta bugu na uku. Na yi tsaki na ci gaba da tsinka.

Da walaha ganga ta yanke a tsakiyar kiɗa. Tabare suka tsaya, ɗaya bayan ɗaya. Bindiga ta tashi sau biyu. Sai ƙarar kofatan dawakai daga arewa. Wani ya yi kuwwa: "Mahara! Ku shiga dawa!" Babu wanda ya kai. Gayya ta tara musu unguwa wuri ɗaya, kuma an riga an sare geron da za a ɓuya a ciki.

Na kwanta rub da ciki tsakanin kara. Na ji kuka, na ji ƙaurin rumbuna. Rana ta take, ta karkata. Ba a kira azahar ba.

Can suka biyo hanyar da ke gefen gonarmu da waɗanda suka kama, igiya a wuya. "Ku ɗaga ƙafa!" Ban ga Ilu ba. Tabawa ce ta shida a jeri, ba kallabi, garin gero har gwiwar hannunta. Tsakaninmu bai fi taku goma ba. Ta leƙo cikin dawa, don ta san inda nake samun yakuwa. Muka haɗa ido. Na buɗe baki zan kira ta. Ta kau da kai, ta dubi gabas, daidai yadda na yi mata kwana tara a bakin rijiya. Mahayin da ke bayanta ya dubi inda ta duba, bai ga kowa ba. Suka wuce.

Da la'asar na fito. Ilu yana kwance a gonar gayya ba rai, magirbi na hannunsa. Na rufa masa mayafina, ba ni da ƙarfin haƙa. Na bi gida gida ina kiran sunaye, akuya ɗaya ce ta amsa. Na kama hanyar kudu. Na ci ɗanyar gyaɗa, na sha ruwan kududdufi. Ran Alhamis da hantsi na shiga Dawakin Tofa.

Wani malami, asalinsu mutanen Barno ne, ya karɓe ni a gidansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba su rage ni da komai ba. Suna ce mini Inna, suna durƙusawa su gaishe ni. Ba mai tsokanata. Na taɓa fasa musu tukunya da gangan don wata ta yi mini faɗa, suka ce ba komai, Inna. Ranar na yi kukan da ban yi wa Ilu ba. Kaɗaici yana cina a gida cike da mutane.

Na yi shekara bakwai ina tambayar fatake masu zuwa daga arewa labarin Tabawa. Na daina. In ina daka, hannuna yana jira a bugu na uku, matan gidan suna zaton tsufa ne.

Malam ya ce kau da kan nan da ta yi shi ya ceci raina. Na sani. Abin da ban sani ba, ko ta huce, kuma babu wanda zan tambaya.

Gida ashirin da uku ne a unguwarmu. Nakan bi su a zuci, daga na liman zuwa na bakin rijiya. Cikin masu ce mini Barkono babu ko ɗaya da ya rage mini. Faifan ma ya ƙone da ɗakin.