Mai Sayar da Kabewar da Ba Ta Ci

Duk mai sayen kayan miya a kasuwar Tarauni ya san Laraba, 'yar Filato mai tiren karas da yankakkiyar kabewa. Tun rasuwar mijinta take wannan sana'a, da ita take riƙe ɗaki ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, ita da 'yarta Miriam. Da ƙwanƙwasawa kawai take gane kabewa mai tsoka. Amma ko yanki ɗaya bai taɓa shiga tukunyarta ba. Abin da ya yi kwantai, akuyar maƙwabta take zuba wa.

Miriam farar shinkafa take ci, da taliya, da shayi da burodi. Manja kuwa sai Laraba ta soya shi ya yi hayaƙi, jan ya fita tas. In an yi magana ta ce, "'Yata 'yar birni ce, ba za ta ci abin da na ci a ƙauye ba." Mutane suka ɗauka girman kai ne. Ita ma ta fi son a ɗauka haka.

Bayan Miriam ta tashi daga ƙyanda sai ta fara tuntuɓe da magariba. Ta ture buta, ta taka kasko, Laraba ta make ta don rashin kula. Ran nan da rana ta faɗi, yarinyar ta tsaya tsakar gida tana laluben iska. "Mama, kina ina?" Laraba kuwa tana tsaye a gabanta.

Washegari ta tafi da ita kasuwa, ta zauna jiran Sumayya, wata nas ta asibitin koyarwa da ke sayen karas a wurinta. Sumayya ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta ga wani farin tabo kamar kumfar sabulu.

"Maman Miriam, dundumi ne. Rufe tiren nan mu tafi. In aka bari idon zai iya mutuwa gaba ɗaya."

A asibiti aka matsa wa Miriam ƙwayar bitamin A a baki, aka sa musu ranar dawowa. Da suka fito Sumayya ta ja Laraba gefe.

"Magani zai tare abin yanzu, amma abinci ne zai hana shi dawowa. Wannan launin na karas da kabewa da jan manja, akwai sinadarai a ciki, ɗaya ana ce masa alfa-karotin. Jiki ne ke mai da shi bitamin A, shi ido ke buƙata. Ki dafa da ɗan mai, ya fi shiga jiki. Manja kuma ki daina ƙona shi. Ke da kike kwana kan maganin, ya aka yi haka?"

Laraba ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Sista, shekarar da hatsi ya ƙi a garinmu, kabewa muka ci safe da dare. Hannuwanmu suka yi ɗorawa. Ƙanina Daniel, har idonsa. Aka ce shawara ce. Bai kai kaka ba."

"Allah sarki. Amma ke idonki ya canza?"

"A'a."

"To kin gani. Yawan kabewa na iya rina tafin hannu, ba ya taɓa farin ido, kuma yana wucewa. Ciwon ƙaninki daban ne." Sumayya ta ɗan harare ta. "Kina zaton kabewa tana kisa, amma ni kike yanko min da gyara?"

Shekara da shekaru Laraba tana gaya wa kanta cewa cikin Kanawa ne ya saba da miyar taushe, nata jinin ne ba ya ɗauka.

Da yamma ta dawo da rabin kabewa a ƙarƙashin zane, kamar ta sato. Ta dafa da karas, ta zuba jan manja a kai.

Miriam ta shinshina kwanon, ta ture. "Abincin akuya ne. Ke kika ce."

Laraba ta lallashe ta, ta yi alkawarin alewa, ta ɗauko tsintsiya ta mayar. Yarinyar ta datse haƙora. Haske na janyewa daga bango, har ta fara ware ido tana neman inda muryar uwar take.

"Don Allah, Miriam. Loma ɗaya."

"Ke ma ai ba kya ci."

Laraba ta zauna a ƙasa. Ta kama hannun 'yar ta ɗora a kan kumatunta, tunda ba za ta gani ba, ta ji. Ta ɗebi loma ta kai baki. Ta danne, ta haɗiye da hawaye. Ta ƙara wata.

Yatsun Miriam suka bi motsin muƙamuƙin a hankali.

"Da daɗi?"

"Babu," in ji Laraba. "Buɗe bakinki."

Yarinyar ta ɗan jima, sannan ta buɗe kaɗan.