Uwar Ƙarafa da Ƙafar Tela

Kafin likitan ƙashi ya sa rigar tiyata, Uwar Ƙarafa ta riga ta buɗe kabad ɗinta. Takan jera ƙarafan ɗaurin karaya a kan tire, ta auna tsawon kowanne, ta ɗaga shi wajen haske ko ya lanƙwashe, sannan ta tura su injin dafa kayan aiki. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata, shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma a makon nan take ajiye aiki. Kaɗan ne cikin waɗanda ta yi wa hidima suka san fuskarta, don suna barcin allura lokacin da take tsaye a kansu.

An daɗe ana cewa mai ƙaramin ƙarfi ya nemi mai arha. Magana ce mai daɗin ji, amma ba kullum take gaskiya ba. Uwar Ƙarafa ba ta taɓa haɗiye ta ba, kuma abokan aikinta har gobe suna kafa hujja da labarin wata tela.

Telar ta faɗo ne daga bayan babur ɗin yayanta, ƙashin ƙwaurinta na dama ya karye, fata ba ta yage ba. Likita, sabon zuwa, ya ce hanya biyu ce: ko a riƙe ƙashin da ƙarfen waje, wanda ake huda fata a kafa, ko a zura ƙarfe ta cikin ɓargo, wanda kuɗinsa ya ninka. Yayan bai bari ya rufe baki ba ya ce na waje. Likitan ya tausaya masa, ya rubuta.

Da Uwar Ƙarafa ta zo auna ƙafar, sai ta tambayi matar sana'arta. Ɗinki ne, da keken ƙafa, kuma 'ya'ya huɗu ke ci daga wannan ƙafar tun rasuwar babansu.

Uwar Ƙarafa ta ja yayan baranda. Ta ce ƙarfen waje ba abin rainawa ba ne, in ƙashi ya fasa fata ya fito shi ne gatan ƙafa. Amma a irin wannan karayar ta sha ganin inda ake ƙarewa: zaryar wankin ciwo, kuɗin mota, ramukan da aka huda su yi ruwa, wani sa'in a sake shiga tiyata, keke kuwa yana can yana shan ƙura. Yayan ya ce to sai dai a sayar da keken.

"Ɗana, in ka sayar da keken, ƙafar ta warke ta taka me?"

Ta leƙa ƙasa inda ya jingine babur ɗin, ko madubinsa bai fashe ba.

"Ga wanda ya karya ta can, lafiyarsa ƙalau. Shi ya kamata ya biya."

Likitan kuwa ba ta koya masa aiki a gaban mutane ba. Ta same shi shi kaɗai da hoton ƙashin a hannu, ta faɗi abin da ta gani cikin shekarunta. Ya sake dubawa, ya yage takardar farko, ya rubuta na cikin ɓargo.

Bayan wata uku telar ta hau bene hawa biyu da ƙafarta, riƙe da rigar da ta ɗinka wa Uwar Ƙarafa a keken nan. Yayan na biye yana haki, yana mitar an sayar da babur, shi ne ya koma tafiyar ƙasa.

"Yanzu ka san amfanin ƙafa, Yaya," in ji ta.

Uwar Ƙarafa, ke ce kika san arha ba a ranar biya ake gane shi ba, sai ranar da mutum ya koma bakin sana'arsa. Ke ce kuma kika gaya wa wani mai hali, da ya nace sai ƙarfe mafi tsada, cewa ɗaurin siminti ya ishi 'yar tsagewarsa. Ya tafi yana fushi, ya warke sumul. Gatan ƙwauri, ba ki taɓa auna ƙafa kin manta da mai ita ba.

Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi da ƙafafu masu lafiya. Ku kuma masu tasowa, kabad ana gadonsa, ido ba a gado. Ranar Alhamis za ta miƙa makullai, saura kwana uku. Ku je ku tsaya kusa da ita.