Neman Yatsan Malam Iro

Mashi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito, wayar Inna a aljihuna. Kwana tara ke nan da rufe mata layi, kwana tara ba ta ci abincin kirki ba. Wannan lambar kaɗai wana Habu ya haddace kafin ya tsallaka Nijar neman aiki, shekara shida ke nan. Sai a yi wata biyar bai kira ba, in ya kira ma da wayar aro. In lambar ta salwanta, mun rabu da shi.

"Kada ka dawo min da sabon layi," in ji Inna a bakin ƙofa. "Nawa nake so."

Dutsi

Bayan shingen jami'an tsaro biyu, direba ya kashe mota a Dutsi, wai sai ya cike gurbin mutum ɗaya. Minti arba'in! Na sauka na hau ya fi sau biyar.

"Malam, ƙaya ce a kujerar?" in ji shi.

Na koma na zauna.

Daura

Takwas da rabi ina ofishin kamfanin waya. Ma'aikaciyar ta duba na'ura ta ce, "Ai ba sunan mahaifiyarku ke kan layin ba. Wani Iro ne."

Lokacin da aka fara rajistar layi, tsofaffin unguwarmu tara layukansu suka yi, suka ba Malam Iro mai lema, wanda ake biya a yi kira a wayarsa, ya je ya dangwala yatsansa a madadin kowa. Wa ya ga aibu a lokacin?

Na miƙa mata tsohon katin layin da Inna ke ɓoye a ƙasan akwati. Ta karanta sunan kamfanin ta yi dariya. "Wannan sunan tun ina goye aka daina shi. Ku kawo mai yatsa kafin ƙarfe huɗu. In an daɗe, wani za a sayar wa lambar."

Sandamu

Na san ya koma garinsu, sai na tari ɗan acaɓa. Sha ɗaya saura muka iso, aka ce yana gona. Na yi ta bulayi gona-gona, sai bayan azahar na same shi cikin gero, ya tsufa tukuf.

"Lawal ɗan Inna! Kai ne ka yi ƙato haka?"

A kan babur bakinsa bai huta ba. "Ni na san kamfanin nan tun yana jariri, tun ana hawa bishiya neman sabis. Waɗannan su saya, waɗancan su sayar, kowa ya zo da sunansa da fentinsa. Sau huɗu ana sake wa shagona launi! Da waya ta shiga hannun kowa, wa ya tuna da mu?"

Ni dai agogo nake kallo.

Daura kuma

Uku da minti goma ya ɗora yatsa. Na'ura ta ƙi. Fartanya ta cinye zanen yatsan sarai. Ya sake, ta ƙi. Sau shida! Wallahi saura kaɗan in yi kuka a gaban mutane. Sai tsohon ya goga yatsan a zufar goshinsa, ya yi bismilla, ya danna. Ta karɓa. Nan take aka mayar da layin sunana.

Gida

Muna wuce Dutsi wayar ta yi ƙara. Saƙo ne: wata lambar ƙasar waje ta neme mu shekaranjiya, sau uku. Na bi kiran har Mashi, ba ya shiga.

Bayan magariba na faɗa wa Inna, ina jin kunyar kwana biyun da na yi ina jan ƙafa kafin tafiyar nan. Ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Shekaranjiya yana raye ke nan," in ji ta. "Alhamdu lillahi. Ku zubo min tuwo."

Allah ya saka wa Malam Iro da alheri. Har yau wayar tana ɗaure a bakin zanenta.