Ranar da Ruwan Baba Ya Ɗauke

Ko tsufa ya sa na fara mance abubuwa, wannan ranar dai ba za ta fita a kaina ba.

Lokacin muna zaune a Utako. Maigidana ya yi tafiya, sai ga babansa ya sauka a wurinmu. Direban tirela ne, bai fi hamsin da biyar ba. Ya sauke kaya a Dei-Dei, mura ta kama shi, ya ce bari ya huta kwana biyu. Kun san mace da surukinta, daga gaisuwa sai abinci.

Da safe na gaishe shi, bai dube ni ba ya ce, "'Yar nan, ruwa fa ya ɗauke." Ni kuwa na ce, "Ai Baba, kullum haka suke mana." Na kira mai ruwa ya cika duro, na koma kan wayata.

Da azahar na murɗa famfo, ruwa ya zubo shaa. Sai na fara lura. Baba zai ɗauki buta ya shiga bayi, gidan ya yi tsit, ya fito da butar a cike yadda take. Ba a jima ba ƙofar ta sake kuka. Haka dai, haka dai.

Wajen la'asar na tarar da shi tsaye a tsakiyar falo, ya dafe mara, zufa ta jiƙa rigarsa. Bango yake kallo yana magana. Wai a hanya, bayan Masaka, ya tsuguna gefen wata gona, ɗagowar da zai yi sai ga wata tsohuwa a kansa, bai ji takunta ba. Ta ce, "Ka gama?" Ya ce, "Na gama." Ta ce, "To, ka gama."

Baba ya ci gaba, "Tun jiya ko ɗigo. An ɗaure ni. Ki gaya wa mijinki, kar a binne ni a Abuja."

Sai a lokacin na gane ruwan da yake nufi. Na tare tasi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, yau sai ka bi ni."

A asibiti aka sa masa robar fitsari, mutumin da ke wasiyya ya yi barci nan take. Likita ta ce akwai wata tsoka a ƙasan mafitsara, furostet, da ke girma in namiji ya fara manyanta, har ta matse hanyar fitsari. Ga cushewar ciki, ga maganin murar da ya saya a kemis, shi ya ƙarasa toshe ta. Ta ce da mun ƙara jinkiri, ƙodarsa na iya taɓuwa.

Yini guda bawan Allah ya yi cikin azaba, ni ina ɗaki ina kunyarsa. Yanzu in babba ya yi min magana a dunƙule, ba na wucewa. Tsayawa nake in ce, "Baba, ina ne ke ciwo?" Gara a ce ba ni da kunya.